Tsarin Ci Gaban Kai Yana Ƙara wa Ɗalibin Kwamfuta Wani Abu Kuwa?

Wani ɗalibin aji biyu a sashen kimiyyar kwamfuta, a ɗaya daga cikin jami'o'inmu na nan Sakkwato, ya aiko da tambaya. Ya ce a farkon zangon nan malaminsu ya raba musu takarda ta tsarin ci gaban kai, ya ce kowa ya rubuta inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni, da burinsa, da matakan da zai bi ya cim masa. Shi da abokansa suka kwafi na juna suka miƙa. Sai yake cewa: "Malam, wannan abu yana ƙara wa mutum iya kodin kuwa, ko cike takarda ne kawai? In yana da amfani, yaya ake yin na gaskiya?"

To ɗana, takardar da kuka kwafa kuka miƙa ba ta ƙara maka komai ba, kai ma ka san haka. Amma ɗabi'ar da ake so ta dasa maka, wato ka riƙa zama lokaci-lokaci kana tambayar kanka me ka iya, me ya gagare ka, me za ka yi a kai, sannan ka dawo ka duba ko ka yi ɗin, ita ce babban abin da na ga yana raba wanda ya fita jami'a da sana'a a hannu da wanda ya fita da kwali kawai. Na daɗe ina koyar da wannan fanni, ina kuma duba furojet ɗin 'yan ajin ƙarshe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in ga yaro mai kaifin basira, makinsa mai kyau, an ajiye masa kwamfuta an ce ya sauya layi ɗaya cikin aikin da ya ce shi ya yi, ya tsaya yana zufa. Ba daƙiƙi ba ne. Shekara huɗu ya yi babu ranar da ya auna kansa da ma'auni na gaskiya.

Abin yana da asali. A 1997 wani kwamiti da Ron Dearing ya jagoranta ya miƙa wa gwamnatin Birtaniya rahoto a kan ilimin jami'a. Cikin shawarwarinsa har da cewa kowane ɗalibi ya zama yana da kundin ci gaba mai ɓangare biyu: takardar sakamako da jami'a ke bayarwa, da kuma hanyar da ɗalibin zai riƙa bin diddigin ci gabansa da kansa. A 2001 hukumarsu mai kula da ingancin jami'o'i, QAA, tare da wasu hukumomi, ta fitar da ƙa'idojin yin haka, aka sa shekarar karatu ta 2005/2006 a matsayin lokacin da ake so ya kankama ko'ina. Sharuɗɗan da suka gindaya su ne ya zama da tsari, ana komawa gare shi. Ya zama akwai wani da ke tallafa wa ɗalibin. Kuma ɗalibin ne da kansa yake yi. Auna takardarku da waɗannan. Sau ɗaya aka cike ta, ba ka koma wa kowa da ita ba, abin da ke ciki ma ba naka ba ne. Ko a can Ingila, inda aka mayar da shi fom na shekara-shekara, ɗalibai ba su ɗauke shi da muhimmanci ba.

Mu kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. An ruwaito daga Sayyadina Umar cewa mutum ya yi wa kansa hisabi kafin a yi masa, kuma malamanmu sun daɗe suna karantar da haka.

Dalilin da ya sa ɗalibin kwamfuta ya fi kowa buƙatarsa shi ne, a fanninmu fahimta tana yaudara. Za ka zauna a lakca malam ya bi ta kan yadda ake jera lambobi daga ƙarama zuwa babba, ka gane kowane mataki. Ka dawo ɗaki ka kalli bidiyo a YouTube, kana gyaɗa kai, komai sarai. Washegari ka buɗe shafi fari ka ce bari ka rubuta da kanka, sai ka tarar ko layin farko ba ka san ta inda za ka kamo ba. Gane aikin wani daban, iya samar da naka daban, kuma zuciya ba ta rarrabe su sai an tilasta ta. Masana halayyar koyo sun gwada wannan. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke a Amurka sun ba ɗalibai nassi, wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu kuma suka rufe takardar suna ƙoƙarin tuno abin da ke ciki. Da aka gwada su bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda masu tunowa suka yi musu nisa. Abin da ya fi ba ni tsoro a sakamakon shi ne masu maimaita karatun su ne suka fi amincewa da cewa za su tuna. Ga shi kuma yawancin jarrabawarmu a kan takarda ake yi, ana iya haddace furogiram a zuba shi a ci maki, ba a taɓa kunna shi an ga ko yana tafiya ba.

Ka yi makarantar allo, don haka ka san maganin tun kana ƙarami. Yaro ba ya wanke allonsa don ya ji a ransa ya iya. Sai ya je gaban malam ya biya da ka, malam ya saurara ya ce ya wanke, kuma ko bayan ya wuce yana komawa tilawar na baya. Tsarin ci gaban kai na gaskiya haka yake: kowane "na iya" sai da shaida. Mu a kwamfuta mun yi sa'a, shaidarmu ba ta jin kunyar kowa. Furogiram ko dai ya tafi ko ya ƙi.

Saboda haka kada ka fara da buri. Fara da sanin inda kake tsaye. Ka ware yini guda, ka kashe data, ka rufe handawut, ka gwada kanka a kan abubuwan da aka riga aka koya muku. Rubuta furogiram da zai karanto makin ɗalibai daga fayil, ya fitar da matsakaici, ya jera su daga na sama zuwa na ƙasa. In kun fara rumbun bayanai, rubuta tambayar SQL, wato yaren da ake nemo bayani da shi daga rumbun, da za ta haɗa tebur biyu. Yi wa abokinka bayani da baki, da Hausa ma, me ya sa neman abu a cikin jerarrun lambobi miliyan ɗaya ta hanyar raba su biyu-biyu ba ya wuce mataki 20, alhali bin su ɗaya bayan ɗaya zai iya cin mataki miliyan. Kowane abu ka saka shi a ɗayan gida uku: na yi ni kaɗai, na yi amma sai da na leƙa, na kasa. In kana neman jerin abin da za ka gwada kanka a kai, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatu mai suna CCMAS a Disambar 2022. A cikinta aka ware kwamfuta ta zama fanni mai cin gashin kansa, da rassa irin su kimiyyar kwamfuta, injiniyancin manhaja, tsaron intanet da kimiyyar bayanai, hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Kundin yana nan kyauta a shafin hukumar, kuma ƙarƙashin kowane kwas an jera abin da ya kamata ɗalibi ya iya yi bayan ya gama shi. Ɗalibai kaɗan ne suka taɓa buɗe shi. Sauke shi, ka bi kwasa-kwasan da ka riga ka ci, layi-layi. Wannan yini zai yi maka ɗaci, musamman in ka ga kwas ɗin da ka ci A a cikinsa ya faɗa gida na uku. Ka daure, daga nan tsarin yake farawa.

Sai buri. Na karanta irin waɗannan takardu da yawa, kusan duk abu ɗaya suke cewa: ina so in ƙware a kodin, ina so in zama gwanin tsaron intanet, zan ƙara ƙoƙari. Babu ranar da za ka iya cewa ka cika ɗaya daga cikinsu ko ka gaza, don haka ba za su taɓa tashe ka daga barci ba. Edwin Locke da Gary Latham sun shafe shekaru suna bincike a kan wannan, abin da suka yi ta samu kuwa shi ne buri takamaimai mai ɗan wuya ya fi "yi iya ƙoƙarinka" sa mutum aiki. A fanninmu buri takamaimai shi ne abu mai aiki da za ka iya nuna wa wani.

Bari in ba ka misali da abin da ke gabanmu. A ce kawunka yana da shago a Tsohuwar Kasuwa, ko yana harkar albasa yana ba manoma bashi kafin kaka, lissafin duk a wani littafi da ya sha maiƙo. Burinka na wannan zango: kafin a fara jarrabawa in rubuta ƙaramin furogiram da yaren kodin na Python wanda zai karɓi sunan mai bashi da kuɗin da kwanan wata, ya ajiye a fayil, ya rage in an biya, ya nuna jimillar abin da ake bin kowa. Ka ga wannan ana iya raba shi makonni. Zango na gaba, lokacin da kuke yin rumbun bayanai, ka ɗauke shi daga fayil ka mayar da shi SQLite, wata ƙaramar manhajar rumbun bayanai, a nan za ka gane da hannunka me ya sa ake raba tebur ɗin mutane da na ciniki, abin da wasu za su haddace kawai. In kun zo kwas ɗin gina shafukan intanet ka yi masa fuska. In kun zo tsaro ka tambayi kanka wa ya isa ya ga bashin wa, kuma yaya ake ajiye kalmar sirri. Aiki ɗaya yana girma tare da karatunka, kuma akwai mutum na gaskiya da zai ce maka "wannan lissafin ba daidai ba ne." Ba ka da mai gwaji da ya kai kawun da kuɗinsa ke ciki.

Buri ɗaya a zango, in ya yi yawa biyu. Ina jaddada wannan don ina ganin yadda kuke yi: yau Python, jibi an ce JavaScript ke ci a kasuwa, mako mai zuwa wani ya turo sanarwar kwas na kyauta, an yi rajista, an bar na baya. Damarmakin na gaske ne. Kwas ɗin CS50 na Jami'ar Harvard kyauta ne, shafin koyon kodin na freeCodeCamp kyauta ne, shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 don horas da mutum miliyan uku shi ma yana nan. Amfanin tsari shi ne in sabuwar sanarwa ta zo ka duba ka ga ko tana kai ka inda ka rubuta za ka, in ba ta kai ka ba ka bar ta ta wuce. Yare ɗaya da ka riƙe gam ya fi biyar da ka gaisa da su, domin tunanin da ke ƙarƙashinsu kusan ɗaya ne, na biyu ba zai ba ka wahalar na farko ba.

Maganar lokaci ita ce inda yawancin tsare-tsare ke mutuwa, kuma ba lalaci ne kaɗai ke kashe su ba. Ɗan Adam bai iya ƙiyasin aikinsa ba. A wani bincike da aka wallafa a 1994 a Kanada an tambayi ɗaliban ajin ƙarshe kwana nawa ya rage su gama furojet ɗinsu. Matsakaicin abin da suka faɗa kwana 34, abin da ya ɗauke su kuwa kusan kwana 55. Aikin manhaja ya fi haka saɓa alkawari, domin kuskure ɗaya na iya cinye maka yini biyu. Duk abin da ka ƙiyasta, ninka shi. Sannan ka gina tsarin a kan Sakkwaton da kake ciki. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, tsakar rana kai da laftof ɗin duk kun galabaita, wanda ya sa aiki mai nauyi ƙarfe biyu na rana a wannan lokaci ya shirya faɗuwa. Wuta ba ta da tabbas, data kuɗi ce. In kana cikin masu tafiya Dundaye, inda babbar harabar Jami'ar Usmanu Danfodiyo take, kullum daga cikin gari, jiran mota da tafiyar suna cin wani yanki na yininka. Azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, ka duba kalanda tun farkon zango ka ga inda zai faɗo, ka sassauta a wurin. Ka kuma ajiye shafi guda na abin da za ka yi in aka rufe makaranta. Yajin aikin ASUU na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Na ga waɗanda suka dawo sun manta abin da suka sani, na ga kuma 'yan ƙalilan da suka dawo da aiki a hannu. Na biyun sun san abin da suke so su koya tun kafin a rufe.

Ga wata ni'ima da muke da ita ba mu cika lura ba. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya nuna cewa niyyar da aka ɗaure da wani lokaci ko wuri sananne, irin "in kaza ya faru zan yi kaza", ta fi niyya sakakka cika. Mu yininmu a yanke yake gida biyar tun asali. Maimakon ka rubuta "zan riƙa yin kodin awa ɗaya kullum", rubuta "in na dawo daga sallar asuba zan zauna a kan aikina har rana ta fito, Asabar zuwa Laraba." Lokacin akwai sanyi, ɗaki shiru, waya ba ta fara ruri ba. Da dare kafin ka kwanta ka tabbata akwai caji, ka sauke duk abin da za ka buƙata, don safiya ba ta buƙatar intanet. In ba ka da laftof kada ka jira shi. Pydroid 3 yana tafiyar da Python a wayar Android, Termux kuma yana ba ka Python da Git duka. Da wahala, allon ƙarami ne, amma mutane sun fara da haka. Abin da ya fi ƙarfin waya ka tara shi ka kai ɗakin kwamfuta na sashenku ko ka ari na aboki.

Yanzu zuciyar abin, wato bitar mako. Littafi mai shafi arba'in ya isa. Ka zaɓi lokaci ɗaya, a ce Juma'a bayan la'asar, minti goma sha biyar. David Kolb, wanda ya yi suna a nazarin koyo ta hanyar aikatawa tun 1984, asalin maganarsa ita ce yin aiki kaɗai ba ya koyarwa, sai an waiwaye shi an ciro darasi an gwada darasin a aiki na gaba. Ga yadda shafi mai rai yake kama:

"Na yi niyyar zama biyar, na yi uku. Talata babu caji, Laraba na yi daren kallon ƙwallo na makara. Abin da na iya yanzu: rubuta bayani a fayil da karanto shi ba tare da na leƙa ba. Inda na maƙale: bashin Naira 500 da na 700 yana fitowa 500700 maimakon 1200. Na ɓata safiya biyu ina zargin lissafina, ashe abin da input() ke dawowa da shi rubutu ne ba lamba ba, shi ya sa alamar tarawa ta liƙa su. Daga yau in sakamako ya zo bambaraƙwai zan fara duba nau'in kowace ƙima da type(). Mako mai zuwa: neman mai bashi da suna. Zan kai wayata caji tun magariba."

Duba abin da ke ciki. Bai ce "na yi ƙoƙari" ba, ya ƙirga. Ya raba abin da ba laifinsa ba da wanda nasa ne, kowanne ya nema masa magani. Kuskuren kuma bai tsaya a kan gyara shi ba, ya ciro dabarar da za ta yi masa amfani a kurakurai ɗari masu zuwa. Ɓangaren kurakuran nan shi ne mafi daraja a littafin. Bayan wata biyu in ka bi shi za ka ga abu ɗaya yana ta dawowa da kaya daban-daban. Wani zai ga ba ya karanta saƙon kuskure har ƙarshe. Wani zai ga yana rubuta layi sittin kafin ya gwada ko sau ɗaya. Wani zai ga matsalarsa Turancin tambayar ce, ba kodin ɗin ba. Wannan shi ne rauninka na gaskiya, kuma babu yadda za ka san shi ranar da aka miƙo maka fom.

Kusa da littafin ka riƙe Git. Linus Torvalds ya ƙirƙire shi a 2005 don bin diddigin sauye-sauyen kod, yana aiki ba tare da intanet ba, in ka samu data ka tura aikin GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet. Kowace ajiya da kwanan watanta, don haka in littafinka ya ce ka yi zama uku, Git zai gaskata ka ko ya ƙaryata ka. Shi ne kuma abin da mai ɗaukar aiki zai buɗe.

Dole in tsaya a kan ChatGPT da ire-irensa, domin tun fitowarsa a Nuwambar 2022 ma'aunin ya sauya. A da furogiram mai tafiya shaida ce cewa ka iya. Yanzu na'ura na iya rubuta maka shi cikin daƙiƙa goma. Ban hana ka amfani da shi ba, ma'aikatan fannin suna yi, kuma ya iya bayanin saƙon kuskure. Amma ka sa wa kanka doka a rubuce: duk kod ɗin da ya ba ka ba ya shiga gidan "na iya" sai ka rufe shi, ka kwana, ka sake rubuta shi da kanka, ka kuma iya faɗin aikin kowane layi. Kuma kafin ka tambaye shi ka ba matsalar rabin awa kai kaɗai, ka rubuta abin da ka gwada. A cikin wannan rabin awa na takaici ne koyon yake faruwa. Wanda ya tsallake shi kullum zai kai ajin ƙarshe da babban aiki a hannu wanda ba zai iya kare shi gaban malamai ba.

Sai mutum. Tsarin da ba wanda ya gani sauƙin bari gare shi. Nemi aboki ɗaya mai gaskiya, ba mai yabo ba, ku riƙa nuna wa juna littafi da kod duk mako, kowa ya yi wa ɗan'uwansa tambaya. Sau biyu a zango ka je wurin malami, mai kula da ajinku ko wanda ya ba ku takardar. Na san ana jin nauyin shiga ofis, na kuma san malamai ɗalibai sun yi musu yawa. Sai dai wanda ya zo da "Malam a ba ni shawara" daban yake da wanda ya zo da littafi ya ce "Malam ga abin da na yi wata biyun nan, ga inda nake yawan maƙalewa, me zan kama gaba?" Na biyun minti goma ya ishe shi, kuma malam ba ya manta fuskarsa ranar da za a nemi wanda za a tura wani wuri. Ƙungiyarku ta ɗaliban kwamfuta, NACOS, ma tana iya shirya irin wannan zama tsakanin 'yan aji huɗu da na ƙasa. 'Yan'uwanku mata, waɗanda ba kowace ke iya zaman karatun dare a aji ba, ya kamata su haɗa nasu rukunin da rana, a kuma ba su dama daidai a ɗakin kwamfuta. Game da takardar da ake miƙawa, ra'ayina shi ne bai kamata a ba da maki a kan abin da ɗalibi ya ce rauninsa ne ba, domin in akwai maki kowa zai rubuta abin da yake zaton malam na so ya ji. Littafin naka ne, ka faɗi gaskiya a ciki. In an sake neman fom sai ka tsamo daga littafin abin da ka yarda a gani.

Kada kuma son kodin ya sa ka yi watsi da maki, akwai masu faɗawa wannan rami suna cewa takarda ba ta da amfani. Tana da shi wajen neman digiri na biyu, da tallafin karatu, da ayyuka da dama. Yi lissafin tun yanzu. A ce ka gama aji biyu da matsakaicin maki, CGPA, na 2.80 a kan yunit 80, wato ka tara maki 224. In jimillar yunit ɗinka za ta kai 160 kuma kana son 3.50, makin da ake shiga babban mataki na biyu na digiri da shi, kana buƙatar 560. Saura 336 a yunit 80, wato 4.20 a kowane zango har ka gama. Mai yiwuwa ne, amma a aji uku hanyar ta fi haka ƙunci. Saka ainihin yunit ɗinka ka gani. Kwasa-kwasan lissafi da kuke gudu su ne ƙashin bayan algoridim da tsaro da kimiyyar bayanai, in can ne rauninka to can ne burin zangon ya kamata ya nufa.

SIWES ma, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, tun aji biyu ake shirya masa. Hukumar horas da ma'aikata ta ITF ta kafa shi a 1973 don ɗalibi ya taɓa aiki na gaskiya kafin ya gama, kuma logbuk ɗin da ake cikewa duk mako ɗan'uwan littafin nan ne, wanda ya saba da ɗaya ba zai zauna daren ƙarshe yana ƙirƙirar na wata shida ba. Ma'aikatun gwamnati, bankuna, asibitin koyarwa, kamfanin siminti na Kalambaina, duk wurin da ma'aikata ke da yawa akwai masu kula da kwamfuta. Wanda ya je da aiki a hannu ya ce ga abin da na iya, ga abin da nake so in koya, shi ake sakar wa aiki. Ka kuma sa rubutu da magana a tsarinka: kowane aiki ka rubuta masa bayani da Turanci mai sauƙi, ka saba tsayawa gaban mutum biyar kana bayyana shi. Hausarka ita ma jari ce. Common Voice na Mozilla yana tara muryoyin Hausa, Masakhane na aiki a kan fasahar harsunan Afirka, ga Wikipedia ta Hausa, duk ƙofofinsu a buɗe suke ga ɗalibi.

Za a yi makon da ba ka taɓuka komai ba, za a yi ma biyu a jere, lokacin tes ko rashin lafiya ko biki a gida. Ka buɗe littafin ranar Juma'a duk da haka, ka rubuta "ban yi ba" da dalili. In abu ɗaya ya kwana a shafinka mako uku bai motsa ba, kada ka sake kwafe shi zuwa na huɗu. Ko dai ya yi girma, sai ka raba shi har ya zama abin da zama ɗaya zai gama. Ko akwai wani abu a ƙarƙashinsa da ba ka iya ba, sai ka koma baya ka koyo shi. Ko kuma lokacin da ka sa masa bai dace da rayuwarka ba, sai ka sauya lokacin. Ka gano wanne ne cikin ukun, ka rubuta, ka nuna wa abokin bitarka kafin Asabar.